Daga Kaset Zuwa Waya: Yini Guda a Kasuwar Rusairis

Da hantsi muka tsallaka kogi daga Damazin, muka bar madatsar ruwan da aka gama a 1966 a bayanmu, muka shiga kasuwar Rusairis. Abin da ya kawo mu shi ne neman wata rumfa da muka sani tun muna yara, inda ake sayar da kaset ɗin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos. A wancan lokaci fatake da maniyyata ne ke kawo su daga Kano, sai kaset ya yi watanni a hanya. Mai rumfa ya juye shi a wasu, mu saya, mu kai gida, tsofaffi su zagaye rikoda suna tuna ƙasar da kakanninsu suka baro.

Rumfar tana nan, amma babu kaset ko ɗaya. Wani saurayi muka tarar da kwamfuta da tarin wayoyi suna caji. Ka ba shi 'yan kuɗi, ya cika maka katin waya da waƙoƙi fiye da yadda za ka iya ji a wata guda. Ya ce mana shi ma kasuwarsa ta ja baya, domin yara sun koyi saukewa da kansu daga YouTube, su tura wa juna ta WhatsApp. Waƙar “Jaruma” ta Hamisu Breaker, wadda ta fito a 2020, ba ta jira wani falke ba.

To, ina mawaƙi yake cin abinci? Da can a Kano 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke sayen aiki su buga su rarraba. Yanzu mawaƙi kan saki waƙa kyauta don sunansa ya zagaya, sa'an nan ya nemi kuɗi a wajen biki, ko a hannun 'yan siyasa, ko daga tallan da YouTube ke sakawa gwargwadon yawan masu kallo.

Nan ne abin ya dame mu. Makaɗan ƙauyukanmu, daga nan har Mai Wurno, ba su da ɗakin ɗaukar sauti, kuma bikin da suka dogara da shi lasifika da waya sun fara ƙwace musu. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya warwatsa jama'a, da aka yanke intanet a Fabrairun 2024 kuwa, wanda bai ajiye waƙa a wayarsa ba sai ya zauna shiru.

Jama'a, a cikinmu A'isha Falatiya ta fito har muryarta ta cika rediyon Omdurman. Wayar da muke jin Kano da ita tana ɗaukar murya. Kafin tsohon makaɗin unguwarku ya ajiye kalangu, ku ɗauke shi, ku tambayi sunan kowace waƙa, kuma ku sallame shi yadda ya kamata. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.