Daga Mafara Zuwa Maradun: Idan Ɗan Dambe Ya Tsufa, Wa Ke Karɓar Sa?

Duk wanda ya taso daga Gusau ya miƙi titin Sakkwato, bayan ya wuce Bunguɗu da Maru, babban garin da zai tarbe shi da hayaniya shi ne Talata Mafara. Sunan garin ma ya nuna ranar kasuwarsa. Ranar Talata za ki ga buhunan shinkafa da gero da albasa jibge a bakin hanya, ga dabbobi, ga 'yan acaɓa suna kutsawa tsakanin manyan motoci. Daga nan hanya ɗaya ta nufi Bakura, wata ta ɓalle zuwa Maradun. Waɗannan garuruwa uku sun ba Jihar Zamfara gwamnoni uku tun bayan kafa ta a 1996: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023.

To amma tun kafin a fara lissafin gwamnoni, wannan yanki ya yi suna da makaɗa da 'yan dambe. Damben ne ya kawo mu yau, domin a cikinsa akwai wata tambaya da ta shafi kowace uwa mai ɗa namiji da ke son neman abinci da ƙarfin jikinsa.

Mafara: daga rumfar mahauta

Idan kin shiga kasuwar Mafara, ki leƙa layin mahauta. Daga irin waɗannan rumfuna dambe ya fito, domin asalinsa wasan Rundawa ne. Da kaka, idan an kai amfanin gona gida kuma aljihu ya yi nauyi, sai samarin mahauta su riƙa zagaya garuruwa da makaɗan kalangu, suna gwada ƙwanji a dandali. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da igiya, shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Turmi uku ake yi. Wanda aka kai ƙasa, ko gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi.

Har yau dattawan yankin ba su gama labarin Shago ba, ɗan damben da suke ƙirgawa cikin 'ya'yansu, wanda waƙar Ɗan Anace ta kai sunansa ko'ina a ƙasar Hausa. Mutane da yawa da ba su taɓa zuwa kallon dambe ba sun san Shago ta rediyo da kaset.

Abin lura shi ne yadda dambe ke sabunta kansa. 'Yan wasa sun kasu ɓangarori, fitattu su ne Kudu da Arewa da Guramaɗa. Kowane ɓangare na da manya da ƙanana. Yaro ba ya faɗa wa fage haka kawai. Sai ya bi wani babba, ya ɗauki jakarsa, ya taya shi naɗin hannu, ya yi damben share fage. Shi ya sa za ki ji sunaye irin su Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane. Sunan maigida ne yaro ke ɗauka ya shiga fage da shi. Idan babba ya fara gajiya, akwai wanda ya rena da zai tsaya a gurbinsa. Idan ya zo kwance zare, ko wata hidima ta taso masa, sai a shirya masa ajo, masoya su taru su yi masa karin kuɗi. Ajon nan shi ne kusan dukkan fanshon ɗan dambe.

Yau manyan fagagen ba a Mafara suke ba. Suna Kano da Legas da Dei-Dei ta Abuja, inda gidan damben Ali Zuma yake. Shi kansa Ali Zuma tsohon ɗan dambe ne da ya koma mai gidan wasa, amma irinsa ba su da yawa. Ana sa gasar babur, ana sa ta mota. Kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship, wanda Maxwell Kalu ya kafa, da Dambe Warriors sun shigo da kyamara da kwantiragi, suna nuna wa duniya wasan ta YouTube. Wasan da a da ba shi da mai shi in ban da jama'ar gari, yanzu ya zama hajar da ake zuba wa jari.

Abin da ya faru a Amurka

Domin mu gane inda irin wannan tafiya ke kaiwa, bari mu ɗan leƙa Amurka. Suna da wani wasa da ake kira besbol, inda ake jefa ƙaramar ƙwallo wani ya doke ta da kulki ya ruga. Babbar gasarsu tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 a kaka guda. Yawancin 'yan wasa suna kai ganiyarsu kafin shekara 30, amma manyan albashi sukan zo ne bayan nan. Saboda haka ƙungiya takan wayi gari da tsofaffi masu tsada da ƙafarsu ta yi nauyi.

Idan haka ta faru, sai masu ƙungiya su yanke shawarar rushewa a sake gini. Ƙungiyar Baltimore Orioles ta sha kashi sau 115 a 2018. Ta rabu da manyan 'yan wasanta, ta haƙura da shan kaye na wasu shekaru tana tara yara. A 2023 ta ci wasa 101. A 2024 iyalan Angelos suka sayar da ita ga wasu attajirai ƙarƙashin David Rubenstein a kan sama da dala biliyan 1.7. Ga yadda lissafin yake: an sallami tsofaffi, an reni yara, daraja ta tashi, mai ƙungiya ya sayar.

Abu biyu ne suka sa wannan tsari bai zama tsagwaron zalunci ba. Na farko, kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta inda ake horar da matasa, su da kansu gona suke kiran su. Na biyu, 'yan wasan suna da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi. Yajin aikinsu na farko a 1972 a kan kuɗin fansho aka yi shi. Yanzu wanda ya yi kwana 43 a jerin 'yan wasan babbar gasa ya cancanci wani kaso na fansho. Ki riƙe waɗannan abubuwa biyu, gonar reno da fansho, mu ci gaba da tafiya.

Bakura: inda dandali ya yi shiru

Hanyar Bakura, garin Sarkin Burmi, tana ratsa fadamu ne. Ruwan madatsar Bakolori yana isowa nan ta magudanai, shi ya sa ko da rani za ki ga kore shar. Ƙasa ce mai ciyar da mutum ya ƙoshi, irin wadda ke fitar da ƙarti. A ƙauyukan nan ne yaro ke fara kokawa da dambe a farin wata, tun iyaye ba su san yana da hannu ba.

Sai dai farin wata ya daina zama lokacin wasa a wurare da yawa. A watan Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya ta Maradun. A wannan watan ne aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar. Inda uwa ke ƙirga 'ya'yanta kafin magariba ta rufe ƙofa, wa zai tara jama'a a dandali da dare?

Wannan shi ne babban gibin. Gonar renon dambe ba gini ba ce, dandalin ƙauye ne da ranar kasuwa da bikin kaka. Idan suka tsaya, yaro ba ya samun shekarun koyo a gaban dattawan da suka san iyayensa. Sai ya hau mota ya sauka Abuja ko Legas ba tare da maigida ba, a haɗa shi da wanda ya girme shi a fage domin 'yan kallo na son ganin kisa. A ɗaya gefen, manyan da ya kamata su huta suna ci gaba da ɗaure hannu, saboda sunansu ne ke cika gidan wasa kuma ba su da wata hanyar cefane.

Maradun: darasin gadon reno

Kafin a shiga Maradun, garin Sarkin Kaya, akwai madatsar ruwan Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, aka kammala a 1978, da nufin shayar da kadada kusan 23,000. Mutanen yankin sun biya ta da tsada: an tashi ƙauyuka, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta. Daga baya famfuna da magudanai suka lalace saboda rashin kula, sai da aka nemo rancen Bankin Duniya aka shiga gyara. A wannan ƙasa ta Maradun garin Faru yake, mahaifar makaɗin sarauta Sa'idu Faru.

Ki tsaya bakin gonar shinkafa ki ga yadda ake yi. Manomi ba ya jira sai ya girbe sannan ya nemi iri. Yana da ɗan gadon reno a gefe, inda yake yafa iri ya lallaɓa shi makonni kafin a cire a dasa. Wanda ya yi dashe da wuri ya kashe shuka, wanda ya makara ya yi asara. Kowace mace da ta taɓa yin dashe a Bakolori ta san wannan, kuma haka ɗan wasa yake.

Ƙwallon ƙafa ma bai tsira ba. Zamfara United ta Gusau, mallakar gwamnatin jiha, ta taɓa buga babbar gasar Najeriya kafin ta faɗa ƙaramin rukuni, duk da cewa ɗan jihar, Ibrahim Musa Gusau, shi aka zaɓa shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 2022. Kano Pillars, da ta ci gasar ƙasa sau 4, ta faɗi a 2022 ta dawo a 2023. Rabi'u Ali, wanda aka haifa a 1980, ya ci gaba da ci mata ƙwallaye bayan ya haura shekara 40, ga Ahmed Musa ya dawo gida a 2024. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne. Amma ƙungiyar da ta jingina da ita kaɗai, ranar da tulun ya ƙare sai ta rasa abin lasa. A ƙasar nan kuma ana sayar da gurbin ƙungiya, mai kuɗi ya saya ya sauya mata suna da gari, 'yan wasa su ji labari a waya.

Abin da ya rage wa uwa

Ƙungiya ana rusa ta a sake ginawa, ana sayar da ita a ci riba. Jikin ɗan wasa kuwa ɗaya ne, ba a sake shi. Dambe na karya muƙamuƙi da yatsu, yana zubar da haƙora, yana taɓa ido. Likitoci sun tabbatar cewa yawan dukan kai na tsawon shekaru na iya jawo mantuwa da rawar jiki a gaba. Ranar da kalangu ya koma kiran sunan wani, gida ɗan wasa ke dawowa, wurin uwa ko mata ko 'yar uwa. Su ne ke dafa ruwan gashi, su ne ke neman kuɗin asibiti.

Iyaye mata da yawa ba sa son dambe ko kaɗan, kuma suna da hujja. Amma hani kaɗai ba kasafai yake tsayar da saurayin da ya ga an ba sa'ansa makullin mota a bidiyo ba. Idan ɗanki ya nace, ko a dambe ko a ƙwallo, ki sa mahaifinsa ko kawunsa su zaunar da shi a yi masa tambayoyi. Wane ne maigidansa, kuma wa ya san shi? In an ba shi takarda ya sa hannu, wa ya karanta masa, shekara nawa ta ɗaure shi, kuma in an sayar da kamfani ko ƙungiya ina matsayinsa? In ya ji rauni, wa zai biya magani? Akwai likita a bakin fage? Ana haɗa shi da daidai nauyinsa? Wace sana'a ya riƙe bayan wasa?

Tambayar ƙarshen nan ita ce mafi nauyi. 'Yan damben da ba su da kwantiragi, amma suna da wuƙa da rumfa da gona. In an gama yawon kaka sai su koma fawa. Ɗan yanzu da ya saki sana'ar gado ya kama dambe kaɗai, ba shi da rumfar kakansa, ba shi da fanshon ɗan wasan Amurka. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ya ciyo babur ko mota, a nuna masa fili ko tumaki ko injin ban ruwa tun kuɗin na hannu.

Su kuma masu gidajen dambe da kamfanoni, da sarakuna da 'yan siyasar da wannan yanki ya haifa, lokaci ya yi da za a ware wani abu daga kuɗin ƙofa a kafa asusun jinya da na tsufa. Ajo al'ada ce mai kyau, amma yini ɗaya ne. Kuma duk wanda ke son sabon jini a fagagen Abuja da Legas, to ya san daga dandalin Faru da ƙauyukan Bakura yake fitowa, kuma dandalin ba zai cika ba sai an samu zaman lafiya.

Ke da kike da ɗa ko ƙane a wannan harka, yaya kuka yi da shi a gidanku? Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo wa Zamfara da kwanciyar hankali.