Ɗan Maraya Jos: gwangwani ɗaya, tsirkiya ɗaya

Duk cikin mawaƙan Hausa da na taso ina ji, babu wanda ya san darajar ƙaramin mai nema kamar Ɗan Maraya Jos. Na daɗe ina kasuwanci a Kwatano, kuma kullum ƙara yarda nake yi cewa mu da ke neman abinci a ƙasar wasu, mu ya fi yi wa waƙa.

Ku dubi kayan aikinsa. Mamman Shata in zai fita, sai an haɗa makaɗan kalangu da 'yan amshi. Musa Ɗanƙwairo da jama'arsa da kotsonsu suke tsayawa gaban sarakuna. Shi kuwa Ɗan Maraya shi kaɗai ne da kuntiginsa: gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, aka ɗaura masa tsirkiya guda. Ba ɗan amshi, kuntigin ne ke amsa masa. Shi ya sa ba ka rasa kalma ko ɗaya a waƙarsa, don babu ganga da za ta danne murya. Ni abin yana tuna mini mai talla a tire: jari kaɗan, amma ya san hannunsa.

Sunan ma ba na ado ba ne. An haifi Adamu a Bukuru kusa da Jos a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi. Wanda ya tashi a hannun wasu yakan ga mutanen da idon jama'a ke tsallakewa. Ya yi wa manya waƙa, amma wadda ta fi fito da shi ita ce “Karen Mota”.

To, wane ɗan kasuwa ne bai san yaron mota ba? Shi ke ɗaure tamfol, shi ke sa weji in mota ta tsaya a gangare, shi ke kwana ƙarƙashin tirela yana gadin kayanka daga Kwatano zuwa Faraku har Malanbil. In kaya sun iso lafiya, direba ake gode wa. In buhu ɗaya ya ɓace, yaron ake fara tuhuma. Wannan bawan Allah Ɗan Maraya ya ɗauko ya sa a rediyo, har manyan ƙasa suka zauna suna saurare.

Abin da ya sa nake wannan magana, kwanaki ana sauke mana kaya na ji babban ɗana, wanda ke karatun Faransanci, ya daka wa yaron mota tsawa kamar bawansa. Na ce masa, “Kai, kuɗin makarantarka a kafaɗar irin wannan suke zuwa.” Ya yi shiru, amma na ga maganar ba ta shiga ba. Da dare na kunna masa waƙar a waya. Wallahi wajen rabinta sai da na fassara masa, don Hausarsa ta tsaya a gaisuwa da ciniki. Wannan ya fi tsawar damuna. Yaron da ba ya jin harshen, ta ina tarbiyyar da ke cikinsa za ta same shi?

Ban hana yarana jin Ali Jita ko Hamisu Breaker ba, haka waƙoƙin Anjelik Kidjo, 'yar ƙasar da muke zaune. Kowane zamani da kiɗansa. Sai dai yawancin abin da suke ji na soyayya ne da biki, ba kasafai ake waiwayar ɗan dako ko mai turin baro ba. Ga shi kuma Hausar Ɗan Maraya mai sauƙi ce, irin ta Jos inda ƙabilu ke cuɗanya, yaron da ya tashi a zango zai iya binta.

Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, amma waƙoƙinsa suna nan a YouTube. Ku sauke su a waya, ku kunna a shago da tsakar gida. In yaro ya tambayi ma'anar wata kalma, ku ajiye lissafi ku amsa masa. Allah ya jiƙan Ɗan Maraya, ya shirya mana zuri'a.