Abin da neman haihuwa ya koya mini

A Maraɗi, amarya ba ta rufa shekara a ɗakinta sai idanu sun koma kan cikinta. Ƙididdigar da aka yi a Nijar a 2012 ta nuna mace ɗaya kan haifi ƴaƴa fiye da 7, jihar Maraɗi kuma tana sahun gaba. A irin wannan gari, wadda Allah bai ba haihuwa ba kowace gayyatar suna sai ta tayar mata da miki. Ni haifaffiyar Tibirin Gobir ce, aure ya kawo ni Maraɗi, kuma na daɗe a cikin wannan jarrabawa.

Na sha rubutu, na sha sassaƙe, na sha maganin sanyi har na ƙosa. Ranar da muka je wajen likitan mata, abin da ya fara nema shi ne a auna mu duka biyu, domin a kusan rabin gidajen da ke jiran haihuwa namiji ma yana da nasa kason matsalar. Maigidana bai yi gardama ba, har gobe ina gode masa. Awo ya nuna bututun mahaifata biyu ne suka toshe, wato ƙwai ba shi da hanyar haɗuwa da maniyyi. Hanyar da ta rage ita ce a haɗa su a ɗakin gwaji, a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa. Ta wannan hanya aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978.

Muka tara abin da muka tara, muka bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa wani asibitin kuɗi a Najeriya. Ana gab da dashen ɗan tayin aka ce mana akwai ƙarin aiki, da kuɗinsa daban. Ɗan tayi yana cikin wani siririn ɓawo, kuma wajen kwana na 5 zuwa na 6 sai ya fasa shi ya fito, kamar ɗan tsako, kafin ya manne a mahaifa. Za a huda ɓawon da hasken lesa don a sauƙaƙa masa fita. Wata ma'aikaciya ta ce, "Hajiya, tunda kun zo har nan, kar ku bar wata ƙofa a rufe."

Maigidana yana da fili a noman rani na Jiratawa, inda zogale da albasa ke ciyar da gidanmu da na mahaifiyarsa. A daren ya ce, "In sai an jinginar da filin, a jinginar." Na ce, "Malam, mu tambaya tukuna."

Ƙaninsa da ke karatun likita ne ya bincika mana. Dabarar huda ɓawon ta fito ne wajen 1990 daga masanin ƙwayoyin haihuwa Jacques Cohen. A 2021 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 39 da aka yi da mata fiye da 7,000, ta ce babu tabbacin huda ɓawon yana ƙara yawan jariran da ake haifa da rai. Mai yiwuwa ya ɗan ƙara samun ciki, mai yiwuwa kuma ya ƙara cikin tagwaye, wanda ke da haɗarin bakwaini da hawan jini. A 2022 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ce ga yawancin mata bai ƙara haihuwa ba. Muka ce a yi dashen kawai.

Cikin bai zauna ba. Abin da ya fi ci mini rai a watannin da suka biyo baya shi ne kalmar "da": da mun biya, da yanzu ina goyo. Sanin da muka nema kafin mu yanke shawara shi ya raba ni da wannan waswasi. Sau da yawa ɗan tayi yana ƙin zama ne saboda tangarɗa a cikin halittarsa, abin da huda ɓawo ba ya gyarawa. Ba rowa ce ta hana mu ɗa ba, ba kuma sakaci ba. Mun kama sababi iya ƙarfinmu, hukunci na Allah ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da rashin haihuwa a rayuwarsa. Aisha Macky, ƴar Damagaram, ta fito da zafin abin fili a fim ɗinta na 2016. Muna da yawa, shiru ne ya raba mu.

Don haka, ƴar'uwa, ku je awo tare da mijinki tun da sauran ƙuruciya, domin shekarun mace sun fi kowace na'ura tasiri. In an kawo miki ƙarin aiki da ƙarin kuɗi, ki tambaya: mata nawa masu irin shekaruna da irin matsalata suka koma gida da jariri a hannu, da wannan aikin da kuma babu shi? Likita na gari ba ya jin haushin wannan tambaya. Kuma ku tsayar da iyakar abin da za ku kashe tun kuna gida, kafin zumuɗi ya yanke muku shawara, domin ko ɗa ya zo ko bai zo ba, akwai gidan da za ku ci gaba da riƙewa.