Ɗan Keken Ɗinkin Da Na Tsinta A Kasuwar Dole

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Tsauni, ƙasar Matamai. Ina da wata ɗabi'a da mutanen garinmu ke yi wa dariya. Ina tara tsofaffin injuna ƙanana na ƙarfen zubi, ina gyara su.

Ga mafarin abin. Kakana yana da injin ɓarar gyaɗa na hannu, tun zamanin da SONARA ke sayen gyaɗa. An kafa ta a 1962. Bayan farin 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, sai aka jingine injin a bayan rumbu. Ina makarantar horon malamai wani ɗan'uwanmu ya sayar da shi ga masu sayen tsohon ƙarfe. A sikeli suka auna shi, kamar gero. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Wata rana a Kasuwar Dole ta Damagaram na ga ɗan keken ɗinki cikin tarin ƙarafa. Tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Kamfanin Singer ya fara ƙera irinsa a 1910 domin yara su koyi ɗinki. Kada ka raina shi, yana ɗinki sosai, da zare guda, ba ya bukatar zaren ƙasa.

Tsatsa ta cinye shi, hannun ba ya juyawa. Can baya na taɓa yin wauta da wani ɗan injin niƙa, na buga masa guduma. Nan take ya rabe biyu. Ƙarfen maƙera yana lanƙwasa, amma na zubi karyewa yake yi kamar tukunyar ƙasa, kuma walda ba ta kama shi da sauƙi.

Saboda haka wannan karon na yi haƙuri. Na jiƙa shi cikin kananzir kwana 7. Na kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya, kowace na zana wurinta a takarda don kada in manta. Ƙananan na sa su cikin ruwan tsamiya dare ɗaya, tsatsar ta saki. Na wanke, na shanya su a rana nan da nan, don in ka bar su da laima tsatsa ta dawo. Sannan na ɗiga man keke. Kada ka sa man gyaɗa, daskarewa yake yi ya zama danƙo.

Ranar da ya juya na kai shi aji. Kowa ya ɗinka tsumma, sannan muka rubuta "allura" da "zare" a allo. Wani dattijo ya ce akwai tsohon sikeli a ɗakin marigayi wansa, yara na shirin kai shi kasuwa. Na roƙe shi ya dakatar da su. Ranar Asabar zan je da amalanke in gani.