Shaidar Kwanson Harsashi

Ran nan wani yaro a ajina ya zo da kwanson harsashi da ya tsinta a bakin hanya, ya na busa shi kamar usur. Na karɓe, na yi masa faɗa, gama abin da yaro ya ɗauka fanko ne, wani lokaci da sauran ransa. Amma da na juya shi a hannuna, na ga wani siririn zobe mai haske kusa da gindinsa, sai na tuna da kakana, Allah ya ji ƙansa.

Shi kakan nan nawa ya yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, wadda ta shiga kwarin Kaladan a 1944. Aikinsa taimakon maƙerin bindigogi. Ya komo gida da wani gwangwani cike da kwansuna, da kuma ɗigo-ɗigon baƙi a kuncinsa na dama. In ya ga mun dame shi da tambaya, sai ya zazzage gwangwanin bisa tabarma, ya ce mu karanta.

To, ga yadda karatun ya ke. Kwanso da tagulla a ke yinsa, ita kuwa ta fi ƙarfen bindiga taushi. Sa'ad da albarushi ya kama, sai kwanson ya kumbura ya manne wa bangon ɗakin da ya ke kwance a gindin bututu, ya ɗauko zanen duk abin da ke ciki, kamar yadda ɗanyen yumɓu ke ɗaukar sawu. In ka ga ƙarzuwa a tsaye, yashi ne ko dauɗa. A wanke ɗakin a goge. In jikinsa ya fito da ƙuraje, tsatsa ta ci ɗakin ta bar ramuka, kwanso ya riƙa maƙalewa, har ƙugiyar da ke jawo shi ta yage masa baki-bakin gindi. Wannan sai sabon bututu. Lotsawar baki kuwa ba kome, wajen fita ya buge.

Amma zoben nan mai haske shi ne abin tsoro. Ma'anarsa akwai rata fiye da kima tsakanin gindin harsashi da fuskar sakatar da ke tokare shi. Gaban kwanso ya manne, gindinsa ya ja da baya don ya cike ratar, sai tagulla ta miƙe ta yi siriri a wurin. Wata rana sai ta tsinke biyu, hucin wuta ya yiwo baya wajen fuskar mai harbi. Abin da ya sami kakana ke nan. Ya ce ya ga zoben tun da fari, ya ɗora laifin a kan harsashi, bai kai bindigar an auna ba. Saura kaɗan da ya rasa ido.

Gyaran kuwa, abin mamaki, ba wuya. Bindigarsu Lee-Enfield ce, mai cin harsashin .303. Maƙeri na da ma'auni biyu na ƙarfe, ɗaya inci 0.064, ɗaya inci 0.074. Dole sakata ta rufu a kan na fari, ta ƙi rufuwa a kan na biyu. Ku 'yan lissafi ku ɗebe ku gani: kashi ɗaya ne tak cikin ɗari na inci. A samfurin da a ke kira Lamba 4, kan sakata kwancewa ya ke yi, an kuwa ƙera shi tsawo huɗu, daga 0 zuwa 3. In rata ta yi yawa, sai a kwance gajere a ɗaura wanda ya fi shi tsawo, a sake aunawa.

Kwanson yaron nan ba irin na kakana ba ne, amma na gwada shi yadda ya koya mini. Na lanƙwasa bakin waya, na zura ciki a gaban 'yan aji, na jawo a hankali. Daidai wurin zoben wayar ta sarƙe cikin wani ɗan kwari. Ban mayar wa yaron ba. Ya na nan cikin akwatin allina, kullum na buɗe sai in tuna akwai wani mutum da ban sani ba, ya na nan ya na kanga kuncinsa a jikin bindigar da ta yar da shi.