Ƙofa ta 22

Ni ne mai kula da na'urorin wani Alhaji, attajirin Maraɗi, wanda babban sitonsa yake Damagaram. A can akwai kamarorin tsaro da wata ƙaramar kwamfuta mai riƙe lissafin buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita. Daga teburina nake sarrafa su, ta wani baƙin allo wanda babu hoto a kansa, sai rubutu. Alhaji yakan leƙo ya ce: "Yaro, wannan aiki naka da hatimi yake kama."

Raunin rezo ne ya sa na zaɓi wannan hanya. Ranar da hoto ya ƙi buɗewa, layi ɗaya na rubutu yakan wuce. In rubuta ping, in ji ko na'ura tana da rai; in rubuta ssh, in shiga cikinta tamkar ina gabanta. Wani mutumin Finlan, Tatu Ylönen, shi ya ƙirƙiro ssh a 1995, domin telnet na da a fili yake aika kalmar sirri, duk mai laɓe a hanya sai ya karanta. Kowanne da ƙofarsa: telnet ta 23, ssh ta 22. Ta ƙofar 23 ɗin ce wata muguwar manhaja, Mirai, ta mamaye dubban kamarori a 2016, da kalmomin sirri na masana'anta waɗanda masu kayan ba su taɓa sakewa ba.

Wannan labari ne ya sa wani dare na ƙudura rufe dukan ƙofofin kwamfutar siton. Na rubuta umarnin a kori duk mai shigowa, da niyyar in keɓe ƙofa ta 22 a layi na biyu. Na'ura kuwa ba ta san niyya ba. Ni ta fara kora. Allo ya sandare.

Tun da ban adana dokar ba, da an kashe kwamfutar an kunna, da ta goge. Amma mabuɗin ɗakin yana aljihuna, kuma ko an ɗauke kuran ba za ta mutu ba, saboda batirin da ni kaina na matsa wa Alhaji ya saya. Gobe da safe kuma manyan motoci biyu za su yi lodi, ba lissafi.

Da asuba na shiga mota, tafiyar kusan kilomita 240, domin in danna maɓalli ɗaya. Direbobi sun jira har bayan azahar. Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi a yanka wa magajin sito mabuɗi.

Yanzu kafin in taɓa kowace ƙofa sai na rubuta shutdown -r +10, wato kwamfutar ta sake tashi da kanta bayan minti 10. In aikin ya yi kyau, in soke da shutdown -c. Sau biyu tun daga ranar na sake korar kaina, na zauna ina kallon agogo har ƙofar ta buɗe.