Kiɗan Yamai, Turmin Ƙiru

Motar da na shiga a tashar Na'ibawa ba ta cika ba sai bayan azahar. Mu huɗu aka cusa a kujerar baya, ga buhun gishirin wata baiwar Allah a kan ƙafata, ga hazon hunturu ya lulluɓe hanyar Zariya. Na toshe kunne da iyafis, na kunna abin da wani abokin karatuna ɗan Maraɗi ya tura mini ana gobe za a ba mu hutu. Cewa kawai ya yi, "Ka ji kiɗan ƙasarmu." Na zaci gurmi zan ji ko kalangu. Sai ga wani siririn sauti na lantarki yana ta kewaya wuri guda, a ƙarƙashinsa ɗan bugun inji yana tafiya sannu-sannu, ba kirari ba amshi. Kafin mu kai Kura har na yi niyyar kashewa. Da muka ratsa gonakin Kadawa, muka wuce kwandunan tumatir na Kwanar Gafan, sai na lura na manta ma da akwai abu a kunnena. Kiɗan ya saje da ƙugin mota da hazon da ke waje, ni kuwa ina ta tunanin gida.

Mai wannan kiɗa sunansa Mamman Sani Abdullahi, mutumin Nijar, wanda a takardun ƙasarsu ake rubutawa Abdoulaye. A shekarun 1970 yana aiki da hukumar UNESCO, aikin da ya riƙa kai shi ƙasashen waje. A wajen wani taro ya haɗu da wani wakili daga Ruwanda mai ogan, wato dangin fiyano mai aiki da lantarki, ƙirar Italiya, samfurin Orla. Ya saye shi ya kawo Yamai. Maimakon ya tsaya kwaikwayon kiɗan Turawa, sai ya riƙa ɗauko karin waƙoƙin makiyaya da na mutanen karkarar Nijar yana sake ɗora su a kan wannan na'ura. A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa, aka naɗi kiɗansa, aka sake naɗar wani a kai. An shirya fitar da shi a kaset tare da ma'aikatar al'adu, amma shirin bai yi nisa ba, kaset kaɗan ne suka fito.

Abin mamakin shi ne kiɗan bai ɓace daga kunnen mutane ba. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa shi tsakanin shiri da shiri, lokacin da mai gabatarwa ya yi shiru ana jiran na gaba. Yara sun tashi da shi, sun girma da shi, da yawansu ba su taɓa tambayar wa ya yi ba. Sai da wani Ba'amurke mai yawon neman kiɗan yankin Sahel, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a wani ɗakin ajiya a Yamai, ya nemi Mamman Sani ya same shi. A 2013 kamfaninsa, Sahel Sounds, da ke birnin Fotland na Amurka, ya fitar da aikin a faifan garmaho da sunan La Musique Électronique du Niger. Bayansa aka fitar da Taaritt a 2014, sannan wasu tsofaffin kaset-kaset nasa na 1981 zuwa 1984 da ba a taɓa fitarwa ba.

Masu nazarin kiɗa kan jera shi kusa da abin da za mu iya kira kiɗan yanayi, wato wanda ba ya neman ka tsaya ka saurare shi, yana nan dai a bayanka kamar inuwa. Baturen Ingila Brian Eno ne ya yayata wannan salo a ƙarshen shekarun 1970 da wani faifai da ya tsara don filin jirgin sama. Su biyun kusan lokaci guda suka yi aikinsu, ɗaya duniya ta san shi nan take, ɗaya kuwa sai bayan shekara 35.

A Kwanar Ɗangora na sauka, na hau babur zuwa ƙauyenmu da ke cikin ƙaramar hukumar Ƙiru. Ku da kuka san wajen a watan Disamba kun san yadda yake: an gama girbi, an jingine karan dawa a jikin bishiyoyi, masu rake sun tare bakin hanya, ƙura kuwa har cikin haƙora. Na iske Baba Tsoho, kakana na wajen uba, a kan buzunsa a zaure. Bayan an gaisa an yi tsiyar jika da kaka, ya ce, "Abokina, me ka toshe kunne da shi kamar jakin da ake wa magani?" Na cire iyafis na ƙara murya.

Bai yi minti guda yana ji ba ya ɗaga hannu. "Wannan ai na Faranshi ne. A Maraɗi, gidan mai masaukinmu, in aka sa wannan to ka san shiri ya ƙare, a tashi a kwanta." Na ce ya san mai kiɗan? Ya ce shi bai taɓa zaton mutum ne ke yi ba, ya ɗauka akwatin talabijin ne ke kukansa in ya gaji. Da na gaya masa yanzu Turawa na sayensa a faifai da kuɗi masu kauri, dariya ya yi har da tari. Ya ce in faifai ne abin nema, to in shiga ɗakinsa in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Baba Tsoho yana cikin leburorin da suka yi aikin madatsar ruwa ta Tiga, can ƙasar Bebeji, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974. Da kuɗin wannan aiki ya sayi keke da garmaho mai batir. Daga baya ya koma fatauci tsakanin Kano da Maraɗi. Garmahon ya daɗe da mutuwa, amma faya-fayan suna nan, guda tara, har da na Shata da na Ɗan Maraya Jos. Shida sun lanƙwashe kamar an gasa su, don zafin ɗakin kwano ba ya barin roba. Gara ta cinye kwalayensu.

Da yawanku ba ku taɓa riƙe faifai a hannu ba, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Baƙar roba ce mai faɗi, a kowace fuska akwai siririn layi guda ɗaya tak da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. In ka kalle shi da gilashin ƙara girma za ka ga gefunan layin a karkace suke, suna lanƙwasa daidai da yadda sauti ya girgiza. Faifan na juyawa sau 33 da sulusi a minti, allura na bin layin tana rawa, na'ura na mayar da rawar ta zama sauti. Kowace fuska tana ɗaukar kamar minti ashirin, sai ka tashi ka juya. An yi zaton ya mutu da zuwan kaset da sidi, sai ga shi a 2022 yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na sidi, karon farko tun 1987. Har waƙoƙin finafinanmu na Kano wannan kamfani na Fotland ya tattara a faifai a 2013, ya sa masa suna Harafin So. Ni dai ban taɓa ganin ko guda a kasuwa a nan ba, kuma abin yana ɗan ci mini rai.

Amma ba faya-fayan ne suka hana ni barci ba. A ƙasan akwatin akwai kaset goma sha biyu ɗaure da tsumma. Lokacin da babu waya, kuma ba kowa ke rubutu ba, mutane kan naɗi saƙo a kaset su ba direba ko wani matafiyi. In Baba Tsoho ya daɗe a Maraɗi, Iya, kakata, takan aro rikodar maƙwabta ta yi magana a aika masa. Iya ta rasu ina aji biyu na firamare. Fuskarta nake tunawa, muryarta ta ɓace mini.

Washegari na koma Kwanar Ɗangora neman mai gyaran rediyo. Yaran da ke cajin waya da tura waƙoƙi suka yi ta kallona kamar na tambayi inda ake sayar da takobi. Da ƙyar aka nuna mini wani dattijo a bayan masu shayi, wanda yanzu fitilu da cajar waya yake gyarawa. Ya ciro wata tsohuwar rikoda ya hure ƙura, ya goge kanta da auduga. Kaset na farko da muka sa, zaren ya tsinke nan take. Gabana ya faɗi. Shi kuwa ko a jikinsa, ya kwance kusoshi biyar, ya haɗa bakin zaren da ɗan mitsitsin salatif, ya zura biro ya naɗe. Ya gargaɗe ni cewa zaren kaset hoda ce ta ƙarfe aka shafa a kan leda, in ya tsufa hodar kan zube, kowace kunnawa tana rage masa kwana. Saboda haka sau ɗaya za mu kunna, in kanga wayata in naɗa.

Haka aka yi. Da farko huci kawai, shiiii, kamar ruwan sama a kan kwano. Sai ga murya, ƙarama, mai sauri, ba irin ta tsohuwar da na sani ba. Tana gaishe shi da hanya, tana ba shi labarin akuyar da ta haifi biyu, da rufin ɗakin da ke yoyo, da yaron da ya ƙi zuwa makarantar allo. Yaron nan mahaifina ne. A bayanta ana daka, turmi biyu suna amsa wa juna. Zakara ya yi cara. Wani jariri na kuka can nesa, guga na bugun bakin rijiya.

A nan ne na yi wauta irin ta ɗan boko. Na karanta yadda ake gyara tsohon sauti kafin a buga shi a faifai: a juye shi cikin kwamfuta, a daidaita gudunsa in zaren ya saki, a rage huci, a ɗaga abin da ya dushe. Na ce ni ma bari in yi wa Iya gata. Na sauke wata manhaja mai tace murya, na zuba saƙon a ciki. Cikin minti biyu ta fito da shi tas, muryar Iya ita kaɗai, kamar mai karanta labarai. Na koma gida ina ta jin kaina.

Bayan sallar isha'i na kunna wa Baba Tsoho. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Sannan ya ce, "Muryarta ce. Amma a ina take magana?"

Na ce a gida mana.

Ya ce, "A'a. Gidan nan ba a taɓa yin shiru haka ba. Ina masu daka?"

Manhajar ta ɗauki turmi da zakara da guga a matsayin datti, ta share su tare da hucin. Allah ya taimake ni ban goge na farkon ba. Da na kunna shi, tun kafin Iya ta buɗe baki ya ce wannan taɓaryar ta ƙanwarsa ce, ita ce mai sakin hannu tana tafawa. Ya faɗi wace rijiya ce, wadda aka cike shekarun baya da aka haƙa burtsatse. Ya gane har jaririn. Maganar Iya ta minti goma sha ɗaya ce, amma bayanin abin da ke bayanta ya kai mu sha biyun dare. Yanzu a unguwarmu injin niƙa ake kai wa hatsi, da safe kuma abin da za ka fara ji shi ne babura da janareton mai caji. Sautin turmi biyu a gida ɗaya sai an yi biki.

Da na sake sauraron Mamman Sani a daren nan, sai na kasa kunne ga abin da ban kula da shi a mota ba. Sautin bai fita tas irin na waƙoƙin yau ba, ana jin tsufan naɗin a jikinsa. A ganina da an wanke shi fes, da Baba Tsoho bai gane shi cikin minti guda ba.

Na so in ƙarasa hutun da zuwa Tudun Wada, in bi ta dajin Falgore har Riruwai in ga ramukan kuza da ake ba mu labari. Ban je ba. Kullum da safe ina kan babur zuwa Kwanar Ɗangora da kaset ɗaya a aljihu, don dattijon ya ce rikodarsa ba ta jure fiye da haka a rana. Mun juye bakwai. Biyu sun manne sun ƙi motsi, ya ce in bar masa su ya gwada wata dabara. Saura uku, ga shi ranar Lahadi zan koma makaranta. Na koya wa ƙanwata 'yar aji huɗu na sakandare yadda za ta kanga waya, da nisan da za ta bari tsakaninta da lasifika, na kuma ja mata kunne kada ta kuskura ta tace komai. Baba Tsoho ya ce a cikin ukun da suka rage akwai wanda Iya ta yi masa faɗa a kan wani bashi, wai wannan ko ya tsinke ba komai.